Gidan Goma da Gidan Ɗari: Koyar da Darajar Lamba da Labari da Kundin Lissafi a Ƙasar Yawuri

Yaran da ke taya iyayensu talla a bakin ruwa a Yelwa ba su cika kuskuren canji ba. Ka miƙa wa yarinya dubu ɗaya ka ɗauki soyayyen kifi na ɗari shida da hamsin, kafin ka mai da hannu aljihu ta ajiye maka ɗari uku da hamsin ɗinka. Amma ka same ta a aji biyar tare da sa'o'inta, ka ce su rubuta ɗari uku da biyar, sai ka ga 3005 a littafin wannan, 35 a na wancan, wani ma ya zuba maka 10035.

Lissafin yana nan a kansu. Abin da bai zauna ba shi ne ƙa'idar rubuta shi: cewa lambobi goma kacal gare mu, daga 0 zuwa 9, kuma darajar kowace tana ga gidan da ta zauna. Tarawa mai riƙo, ɗebewa mai aro, ninkawa, dogon rabawa, lamba mai ɗigo, duk a kan wannan ƙa'ida aka ɗora su. Manhajar firamare kuwa ba ta jiran kowa. Tsakanin aji huɗu da aji shida take ɗaukar yaro daga dubbai zuwa miliyoyi, a daidai shekarun da Turanci ke mamaye darasi. A Yawuri da Ngaski da Shanga nauyin ya fi haka, domin ga 'ya'yan Gungawa da Kambari da Shangawa da Fulani da yawa, Hausa ce harshe na biyu, Turanci na uku.

Hanyar da za a bayyana a nan kayan aikinta uku ne: labari, tsinke, da littafin rubutu guda wanda za mu kira kundin lissafi. Ba baƙuwar hanya ba ce a Arewa. Shirin RANA, wanda aka fara a Katsina da Zamfara domin 'yan aji ɗaya zuwa uku, ya tanadi labaran Hausa masu lissafi a ciki da malami ke karanta wa aji a bayyane. Tsarin TaRL kuma, wanda ƙungiyar Pratham ta Indiya ta ƙirƙiro aka kawo shi jihohin Arewa, da tsinke da ɗauri yake koyar da gidajen lamba. Abin da ya rage wa malamin manyan azuzuwa shi ne ya haɗa su, ya ƙara rubutu.

Fara da sanin inda kowa ya tsaya

Kada ka fara da bayani. Ranar farko ka yi shifta ta lambobi biyar, ka faɗe su da Hausa, kowace sau biyu: 47, 305, 1,020, 4,006, 25,000. Ka karɓi takardun ba tare da ka ce wa kowa ya ci ko ya faɗi ba. A gida ka kasa su kashi uku: waɗanda suka tsaya a 47, waɗanda sifiri ya kayar, da waɗanda suka wuce lafiya.

Shifta kaɗai ba ta isa ba, saboda akwai yaron da ya haddace rubutun bai san ma'anarsa ba. Kira yara ɗaya bayan ɗaya zuwa teburinka cikin makon. Zuba tsakuwa 26, ka sa yaro ya ƙirga ya rubuta. Sannan ka zagaye 6 da biro ka ce, “Nuna mini tsakuwar wannan.” Zai ware shida. Ka zagaye 2 ka ce, “To wannan fa?” Da yawa za su ware tsakuwa biyu, su bar sha takwas a gefe. Ka tambaye shi, “Ɗana, waɗannan da suka rage fa, na wa ne?” Shirun da zai yi shi ne darasinka na wata guda. Kada ka yi mamaki in ka ga wanda ya ci shifta duka ya faɗi a nan.

Kayan aiki

Ba sai an jira kaya daga ofishin ilimi ba. Kowane yaro ya zo da guntayen tsinken tsintsiya hamsin, kowane tsawon ɗan yatsa. Goma su zama ɗauri, a ɗaure da zare ko robar ɗaure kuɗi. Ɗauri goma su zama dami. Dami goma a zuba a leda ko ƙaramin kwali, ya zama dubu. Yaran ne za su yi ɗaurin da hannunsu, ba kai ba, domin a wajen ɗaurin ne darasin yake. Aji mai yara tamanin zai haɗa dubu huɗu cikin darasi guda, kuma ranar ce da yawansu za su fara ganin dubu da idonsu.

Sai kuɗin wasa. Yanka kwalin taliya ka rubuta ₦1, ₦10, ₦100, ₦1,000. Waɗannan huɗun kawai. Kada ka sa ₦20 ko ₦50 ko ₦200 ko ₦500 a farko, ko da yake su yaro ya fi sani, domin suna ba shi hanyar kauce wa canjin goma. Za su yi maka dariyar naira ɗaya, tun da ba su taɓa sayen komai da ita ba. Bar su su dara.

Na uku shi ne katunan ɗorawa, kuma a ganina sun fi duk sauran amfani ga 'yan aji biyar da shida. Yanka kati mai faɗin lamba ɗaya ka rubuta 1 zuwa 9, mai faɗin lamba biyu ka rubuta 10 zuwa 90, mai faɗin uku 100 zuwa 900, mai faɗin huɗu 1000 zuwa 9000. In ana son 3,542, a ajiye katin 3000, a ɗora 500 a kansa, a ɗora 40, a ɗora 2, duk a daidaita su ta gefen dama. Sifirai sun ɓuya amma suna nan. In an ɗaga 40 da 2 sai 3,500 ta bayyana. Yaron da ya rubuta 3005 a madadin 305, katin 300 da katin 5 ya jera gefe da gefe maimakon ya ɗora. Ka ba shi katunan ya gani da kansa.

Tarkon da ke cikin harshenmu

Mu Hausawa gida muke fara faɗa kafin adadi: dubu uku, ɗari biyar. Yaro na jin “dubu” ya rubuta 1000, ya ji “uku” ya liƙa 3 a baya, ya tashi da 10003. Ba wauta ba ce, abin da ya ji ya rubuta a jere. Maganinsa a lokacin shifta a ajiye biro har malami ya gama faɗin lambar, a zana gidaje tukuna, sannan a tambayi kai: gidan dubu nawa ne a ciki, gidan ɗari nawa, gidan goma akwai kowa?

Akwai kuma lambobin da ko manya sai sun ƙara bayani. “Dubu ashirin da biyar” 25,000 ce ko 20,005? A kasuwa kowa ya san ta farko ake nufi, in kuwa ta biyu ce sai a ce “dubu ashirin da naira biyar” ko “da guda biyar”. Ka rubuta duka biyun a allo ka bar aji su yi gardama. Daga nan ku yi yarjejeniya a kan yadda za a riƙa faɗinsu a ajinku, a rubuta ta a bangon kundin kowa.

Ashirin, talatin, arba'in har zuwa casa'in, aro ne daga Larabci, kuma sun ɓoye goman da ke cikinsu. Tsohuwar ƙidaya ta fi su fallasa gaskiya: gomiya biyu, gomiya uku, gomiya huɗu. Ka yi sati biyu kana faɗin 47 da “gomiya huɗu da bakwai” tare da “arba'in da bakwai”. Masu zuwa Islamiyya kuma suna ɗauke da wani ruɗanin: a lambobin da ke shafukan Alƙur'ani, biyar zagaye ce mai kama da sifirin boko, sifiri kuwa ɗigo ne. Ka sa su rubuta 50 da 105 da 114 a tsarin biyu gefe da gefe. Za su ga siffa ta bambanta amma gidajen ɗaya ne, gidan ɗaya-ɗaya yana dama a duka biyun.

Labarin da ya dace

Ba duk labari mai lamba ke koyar da darajar gida ba. Wanda ake nema shi ne wanda matsalarsa ba ta warwaruwa sai an ƙirga, an ɗaure, ko an rubuta lamba daidai. In za a iya cire lambar labari ya tafi lafiya, to ado ce kawai.

Littattafan da aka rubuta musamman domin wannan yawanci na Turanci ne, kamar How Much Is a Million? na David Schwartz da ya fito a 1985, da One Grain of Rice na Demi na 1997. Samunsu a Yelwa sai an yi da gaske. Amma shafin African Storybook yana da gajerun labarai na Hausa kyauta da za a iya saukewa a waya. Magana Jari Ce na Abubakar Imam, in makarantarku na da kwafi, ka bi shi da fensir kana alama duk inda aka ambaci kuɗi ko yawan mutane ko dabbobi, ka mai da wurin tambaya. Mafi sauƙi kuma shi ne ka ƙirƙiri naka, ka rubuta shi da manyan baƙaƙe a bayan tsohuwar kalanda, shafi shida ko takwas, yaran da suka iya zane su yi hotuna. Ga wanda za ka iya farawa da shi.

Gizo ya karɓi busasshen kifi bashi a wurin Kunkuru, guda 305. Kunkuru ya rubuta lambar da gawayi a jikin kwalekwalensa. Da dare Gizo ya lallaɓo ya goge, ya rubuta 35. Ranar biya ya kawo kuɗin kifi talatin da biyar. Kunkuru ya ce bai yarda ba, aka tafi gaban Dila malamin daji. Gizo bai yi musu ba. Ya ce, “Allah gafayta malam, shifiyi na goge, shifiyi kuwa ai ba komai ba ne. Wanda ya ɗauke ba komai, me ya ɗauka?”

A nan za ka rufe littafin. Wannan ita ce dabarar duka: a tsaya a inda rikici ya yi tsami, kafin hukunci. Ka ce, “Yau ku ne Dila.” Raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni da tsinkayensa, a zana gidaje uku a ƙasa da alli ko da kara. Wani rukuni ya shimfiɗa 305: dami uku, gidan goma wayam, tsinke biyar. Wani ya shimfiɗa 35: ɗauri uku, tsinke biyar. A jera su kusa da juna. Ba sai ka yi dogon bayani ba. Tambayarka ita ce, “Ukun nan da ukun nan ɗaya ne?” da kuma “Kifi nawa Gizo ya so ya cinye?” Su nemo 270 da tsinke, ba da ƙa'idar allo ba. Dole su kwance dami guda ya koma ɗauri goma kafin su iya cire gomiya uku, kuma wannan kwancewar ita ce abin da ake kira aro.

Sai washegari za ka ƙarasa. Dila ya tambayi Gizo ko akwai wanda yake bi bashi. Gizo ya ce yana bin Sarki 1,000 kuɗin fito. Dila ya ce madalla, tun da sifiri ba komai ba ne, a goge ukun nan a biya shi ɗaya. Gizo ya yi tsalle ya ce shi dai a bar masa sifiransa. Daga ranar yara za su riƙe cewa sifiri mai gadi ne: gidan ba kowa, amma yana tsaye a ƙofa don kada maƙwabci ya shigo ya zauna.

Labari guda ya isa sati guda. Ranar farko a karanta don daɗi a tsaya a rikici, rana ta biyu a yi aikin tsinke a ƙarasa, sauran kwanakin a riƙa canza lambobin. In bashin 4,006 ne Gizo ya goge sifiri ɗaya fa? In ya goge biyun? In ya bar sifirin amma ya musanya wurin 3 da 5 a 305, wa ya cuta?

Kundin lissafi

Littafin rubutu ne mai falle arba'in, daban da na aikin aji. Ba a kwafar allo a cikinsa, ba a ba shi maki. Aikinsa ya nuna maka abin da ke cikin kan yaro, abin da amsa daidai ko kuskure ba ta nunawa. Minti goma na ƙarshen darasi, sau uku a sati, ya wadatar.

Kowane shafi a sa kwanan wata a sama, a raba shi uku: zane, lamba, magana. A zane, yaro ya zana dami da ɗauri da tsinke, ko kuɗi. Ku yi alama mai sauƙi don kada lokaci ya ƙare a zane: murabba'i dami, tsayayyen layi ɗauri, ɗigo tsinke. A wajen lamba ya rubuta ta a dunƙule da kuma a warware, 305 da 300 + 5. A wajen magana ya yi jimla biyu ko uku da harshen da ya fi iyawa. In Hausa ce, Hausa. In ya gauraya da Turanci, ba laifi. Kada ka gyara masa rubutun kalma a nan, in ka fara ja da jan biro a kan ƙa'idar rubutu, sati biyu ba za a yi ba kowa zai koma rubuta abin da ya tabbata ba zai jawo masa ja ba, kundin ya mutu.

Tambayar da za ka ba su ita ce ran abin. “Mene ne darajar 7 a 4,752?” tambayar jarrabawa ce, amsarta kalma ɗaya. Ta kundi ita ce wadda sai an yi bayani. Rubuta wa Gizo wasiƙa ka gaya masa inda ya yi kuskure. Ƙanenka ya ce 98 ta fi 102 domin tana da 9 da 8, me za ka nuna masa? Nuna hanya uku ta biyan ₦1,240 da kuɗin wasanmu. Wace lamba ce mafi girma da za ka gina da 0, 3, 8, 5, kuma me ya sa ka ajiye kowace a inda ka ajiye ta? Tambayar biyan kuɗi ta fi sauran tono, domin yaron da ya gane cewa 1,240 tana iya zama ɗari goma sha biyu da gomiya huɗu ya riga ya haye.

Ga irin abin da za ka tarar. Ka ba da 503 a ɗebe 178. Yarinya ta rubuta 475, a ƙasa ta ce, “Uku ba ta kai takwas ba, sai na cire uku daga takwas.” A littafin aikin aji da sai dai ka sa mata kuros ka wuce. A nan ka ga ainihin ciwon: tana kallon kowane gida shi kaɗai, tana cire ƙarami daga babba. Abin da za ka rubuta mata tambaya ce guda: “'Yata, kina da ₦503 kika kashe ₦178, kusan ɗari biyu. Zai yiwu ₦475 ta rage?” Gobe ka ba ta takardun ɗari-ɗari guda biyar da naira uku na wasa, ka ce ta biya ka. Za ta nemi canji da kanta, ta canza ɗari guda zuwa goma-goma, ta canza goma guda zuwa ɗaya-ɗaya, ta tashi da 325. Ni na fi son a ce wa wannan aiki canji maimakon aro, domin abin da aka ara ana mayarwa, a nan kuwa ba abin da ake mayarwa, kuma canji yaran Yelwa sun riga mu saninsa.

Malamin da ke da yara tamanin ko ɗari zai ce yaushe zai karanta wannan duka. Ba duka za ka karanta ba. Ɗauki goma ko sha biyu a rana bi da bi, ka fi mai da hankali ga kashin da sifiri ya kayar. Ranar Alhamis ka zaɓi shafi biyu, ɗaya mai kuskure mai ma'ana, ɗaya mai dabarar da ba kai ka koyar ba, ka kwafe su a allo ba tare da suna ba, aji ya tattauna. Kundin kuma a makaranta zai kwana, cikin akwatin ƙarfe ko babbar leda a ofishin hedimasta. Yaran da ke ƙetaro ruwa, ko waɗanda ambaliya kan tsare a gida da damina, in suka tafi da shi ba lallai ya dawo a bushe ba. In yaro ya yi sati uku bai zo ba, shafinsa na ƙarshe zai gaya maka inda za ka ɗora.

Ranar kasuwa aji kan rage, kowa ya sani. Maimakon faɗa, ka ba masu zuwa aiki: su dawo da farashi uku da suka ji da kunnensu, na buhun albasa, na kwandon kifi, na buhun shinkafa, a rubuta su a kundi a gidajensu, a jera daga ƙarami zuwa babba. Farashin yau ya kai dubu goma-goma, wani har dubu ɗari, don haka kasuwa ta riga manhaja kai su can.

Daga dubu zuwa miliyan

Tsinke ba zai kai ka miliyan ba, a nan labari ke karɓar aiki. Akwai tsohuwar hikaya ta ƙasar Indiya, ita ce Demi ta mai da littafi, ta wanda ya nemi ladan ƙwayar shinkafa ɗaya a ranar farko, a riƙa ninka ta biyu kullum har kwana talatin. Ka ba da ita da bakinka, ka sa ta a fadamar bakin Neja in ka so. Kafin a fara lissafi kowa ya rubuta a kundi ko zai karɓi wannan lada ko buhu goma a hannu. Yawanci buhu goma za su zaɓa.

Sannan a buɗe shafi biyu a zana gidaje tara, a riƙa cike layi uku ko huɗu kullum. Abin lura shi ne ranar da ake buɗe sabon gida. Rana ta 5 an sami 16, an shiga gidan goma. Rana ta 8, 128. Rana ta 11, 1,024. Rana ta 15, 16,384. Rana ta 18, 131,072. Rana ta 21 aka taka miliyan da 1,048,576. Rana ta 30 ita kaɗai 536,870,912 ce, jimlar kwanakin duka kuma 1,073,741,823, wadda sai an ƙara gida na goma. Kowane ninki tarawa ce mai riƙo, don haka sati biyu za su yi suna atisaye ba su san suna yi ba. A nan ne za ka koyar da waƙafi: daga dama ake ƙirga gida uku-uku, kowane uku zuri'a guda ce mai ɗaya da goma da ɗari, ta farko ba ta da suna, ta biyu dubu, ta uku miliyan. Wanda ya iya karanta 536 ya iya karanta 536,870,912.

Don su ji nauyin miliyan a jikinsu, a ƙirga ƙwayar shinkafa cikin murfin kwalba ɗaya, a ga murfi nawa ke cika gwangwanin madara, gwangwani nawa ke cika mudu, a kintata. Ana iya yin haka da warangi, 'yan mitsi-mitsin kifin tafkin Kainji, in an sami busasshe. Ka kuma ba su wannan su gwada da lissafi: in mutum na ƙirga lamba ɗaya kowace daƙiƙa, ba barci ba cin abinci, sai ya yi kwana 11 da rabi kafin ya kai miliyan, biliyan kuwa sai ya haura shekara 31.

Tarihin ƙasar Yawuri ma cike yake da lambobi masu koyarwa. A 1888, zamanin Sarki Abdullahi Abarshi, Yelwa ta zama mazaunin sarautar Yawuri. Takwas uku ne a jere a wannan shekara, ɗaya 800, ɗaya 80, ɗaya 8. Ka sa su rubuta ta da lambobin Romawa da ake koya musu a aji huɗu: MDCCCLXXXVIII, baƙi goma sha uku a madadin lamba huɗu. Ba hujjar da ta fi wannan nuna amfanin gidaje. An kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya tashi mutum fiye da 40,000 daga garuruwansu da tsibiransu, kuma kakannin yara da yawa a ajinka suna cikinsu. Aikin kundi ne mai kyau yaro ya tambayi kakarsa daga ina suka taso, gida nawa ne a tsohon garin, shekara nawa ke nan. An ƙirƙiri Jihar Kebbi a 1991, ƙidayar 2006 ta ba ta mutum 3,256,541, Najeriya kuma 140,431,790. A karanta su, a warware su, a tambaya: 5 ɗin farko da 5 ta biyu a adadin Kebbi, wace ta fi, kuma sau nawa?

In akwai sauran lokaci, sifirin kansa yana da labari. Brahmagupta ya rubuta ƙa'idojin lissafi da shi a Indiya a shekarar 628. Alkawarizmi ya bayyana tsarin a Bagadaza wajen 825, Turawa kuma ba su fara karɓarsa sosai ba sai bayan littafin Fibonacci na 1202. Yara kan ji daɗi in suka ji cewa akwai zamanin da manyan malamai ma wannan abu ya ba su wuya.

Bayan ɗigo

Lamba mai ɗigo ba sabon darasi ba ne, gidajen ne suka ci gaba ta dama. Kowane gida kashi ɗaya ne cikin goma na wanda ke hagunsa, haka yake tun daga miliyan har ya wuce ɗaya. Da can naira da kwabo ne misalin da ya fi sauƙi, tun da aka koma kuɗin goma-goma a ranar 1 ga Janairu 1973, kwabo ɗari naira ɗaya. Yaran yau ba su taɓa riƙe kwabo ba. Amma suna ganin takardar POS da sifiri biyu bayan ɗigo, suna ganin lita mai ɗigo a famfon gidan mai. Ka tattaro tsofaffin takardun POS, ka yanke suna da lambar asusu, ka raba musu su liƙa a kundi su bayyana abin da sifiran nan biyu ke tsarewa.

Kuskuren da za ka fi gani shi ne cewa 0.25 ta fi 0.5, domin ashirin da biyar ta fi biyar. Kada ka ba su dokar ƙara sifiri a baya tukuna. Koma ga tsinke, amma ka canza suna: yau dami shi ne ɗaya, ɗauri kashi ɗaya cikin goma, tsinke kashi ɗaya cikin ɗari. Su shimfiɗa 0.5, ɗauri biyar, da 0.25, ɗauri biyu da tsinke biyar. Sannan ka ari tef ɗin awo a wurin tela, mai santimita, ka kawo igiya. Rukuni ɗaya ya yanko mita 1.5, wani mita 1.05, wani mita 1.50. Kafin a jera igiyoyin a ƙasa, kowa ya rubuta a kundinsa wace yake zaton za ta fi tsawo da dalilinsa, bayan an jera kuma ya rubuta a ƙasan wancan abin da ya gani, ba tare da ya goge na farkon ba.